Shin Har Yanzu Ana Iya Taka Wa Mai Mulki Burki?

Tsarin rabon iko ya kasa gwamnati gida uku: majalisa mai kafa doka, ɓangaren zartarwa mai aiwatar da ita, da kotu mai fassara ta. Masanin Faransa Montesquieu ne ya yaɗa wannan tunani a littafinsa na 1748, Amurka ta gina kundin tsarin mulkinta na 1787 a kansa, Najeriya kuma ta rungumi salon a 1979. A kundin 1999, sashe na 4 da na 5 da na 6 su ne suka fayyace wannan rabo.

An kuma ba kowane ɓangare hanyar ja wa ɗan'uwansa linzami. Majalisa ce ke amincewa da kasafin kuɗi, Majalisar Dattawa ke tantance ministoci. Idan shugaba ya ƙi sa hannu a doka, kashi biyu bisa uku na kowace majalisa na iya tabbatar da ita ba tare da shi ba, kamar yadda aka yi da dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta a 2000.

Tsarin ya taɓa nuna ƙarfinsa. A ranar 16 ga Mayu, 2006, Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran kundin da zai buɗe wa Shugaba Obasanjo ƙofar tazarce, duk da rinjayen jam'iyyarsa a zauren. A Maris 2023, lokacin da jama'a ke kwana a bakin bankuna saboda ƙarancin kuɗi bayan sauya takardun naira, Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardun naira su ci gaba da aiki, bayan ƙarar da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka fara shigarwa. Sai da aka kwana goma kafin Babban Banki ya bi umarnin, kuma wannan jinkiri shi ne ya tona raunin tsarin: kotu ba ta da soja, ba ta da ɗan sanda. Hukuncinta yana jiran wanda aka yanke wa ya ga damar bi. Kotuna sun sha ba da belin Kanar Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, har kotun ECOWAS ta sa baki a 2016, amma sai a Disamba 2019 aka sake shi.

A Nijar abin ya fi haka muni. A 2009 Shugaba Tandja ya rusa majalisa, ya rusa kotun tsarin mulki da ta ƙi amincewa da ƙuri'ar tazarcensa. Sojoji ne suka kifar da shi a Fabrairu 2010, wato bindiga ta yi aikin da doka ta kasa, abin da ba alheri ba ne ga kowace ƙasa.

Babbar barazana a yau ita ce majalisa ta zama 'yar amshin shata. Ɗan majalisar da tikitinsa ke hannun gwamna ko shugaba da wuya ya ɗaga murya. A Maris 2025 majalisun tarayya sun amince da dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas ta hanyar ƙuri'ar murya, alhali sashe na 305 na kundin 1999 ya sharɗanta kashi biyu bisa uku na dukkan mambobi, adadin da kunne ba ya iya ƙirgawa. A jihohi kuwa, majalisun dokoki da dama sun fi kama da wani sashe na gidan gwamnati.

Burkin yana nan, yana kuma kamawa, amma ya fi kamawa a lokacin da manya suka saɓa a tsakaninsu ko talakawa suka matsa lamba, kamar yadda aka gani a 2006 da 2023.