Tantanin roba mai tace iska da matsalar saurin lalacewarsa

Kwana biyu bayan Sallah, ɗiyata ta kawo mini balan-balan ɗinta duk ya yamushe, tana tambayar wa ya huda mata shi. Na duba, babu huji, bakinsa kuma a ɗaure tam. Ashe ta jikin robar ne iskar ta sulale a hankali.

To, da wannan ɗabi'ar ta roba manyan masana'antu ke cin abinci. Tun a 1866 masani Thomas Graham ya nuna cewa oksijin ta fi naitirojin saurin ratsa roba. A wajajen 1980 kamfanin Monsanto na Amurka ya fara sayar da tantanin folima, mai kama da siraran zare masu rami a ciki, don ware haidirojin. A yau da irinsa ake cire iskar kabon daga gaz ɗin da ake haƙowa, saboda idan ta haɗu da danshi tana cin bututu.

Sai dai tantanin ba ya daɗewa da ƙarfinsa. Idan iskar kabon ta matsa masa, takan shige jikinsa ya kumbura, ƙofofinsa su saki, har gaz mai amfani ya riƙa bin ta yana zurarewa. Akwai kuma tsufa: sannu a hankali zaren folimar na matsewa, iskar da ke wucewa ta ragu. Ko ta ina dai asara ce.

Masu bincike na bin hanyoyi da dama. Wasu na ɗaure zaren da juna ta hanyar sinadari ko zafi, kamar yadda masaƙi ke ratsa zare don kada ƙyalle ya saki. Wasu na cusa garin ziyolait a ciki. Amma gyaran na da farashi: kamar yadda Lloyd Robeson ya nuna a 1991, yawanci tantanin da ya fi iya tantancewa shi ya fi jinkiri.

Mu ma abin ya shafe mu. Gaz ɗin kashin shanu rabinsa ko fiye metan ne, saura galibi iskar kabon. Tantani mai ƙarko da araha zai tace shi ya ƙara ƙarfin wuta, a rage saran itace.

Ita kuwa ɗiyata, sai da na sayo mata wani.