Kumfar Espresso: Aikin Matsi, Niƙa da Zafi

Espresso kofi ne mai kauri da ake samu idan aka tura ruwan zafi da ƙarfi ya ratsa garin kofi mai laushi da aka danne cikin ɗan mazubin ƙarfe. Daga Italiya ya samo asali. Ma'aunin da aka saba da shi can shi ne garin kofi gram 7, ruwa mai zafin digiri 90 ko sama kaɗan, da matsi ninki 9 na matsin iskar sarari. Cikin kimanin daƙiƙa 25 sai a tatso mililita 25.

Injinan farko, irin wanda Luigi Bezzera ya yi wa rajista a Milan a 1901, da tururi suke aiki. Matsinsu bai taka kara ya karya ba, don haka kofinsu ba ya kumfar kirki. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da Achille Gaggia ya fito da inji mai hannu da ake ja ƙasa, aka fara ganin kumfa mai launin ƙasa a saman kofi, wadda Italiyawa ke kira crema.

Tushen kumfar nan iskar kabon dayoksaid ce da ke maƙalewa cikin 'ya'yan kofi lokacin gashi. Matsi mai ƙarfi yana narkar da ita cikin ruwa. Da ruwan ya fito matsin ya sauka, sai iskar ta taso kamar an buɗe kwalbar lemo. Furotin da sinadarai masu danƙo da gashi ya haifar su ke riƙe kumfar, mai kuwa fasa ta yake yi. Shi ya sa kofin robusta, mai ƙarancin mai, ya fi arabika kumfa, ga kafeyin ɗinsa kusan ninki biyu. Tsohon gari da iskarsa ta gudu ba ya kumfa sosai.

Niƙa ma da nasa tasirin. In garin bai yi laushi ba, ruwa wucewa yake yi da sauri, kumfar ta fito fari-fari, ba kauri, kofin ya yi tsami. In ya yi laushi fiye da kima, ruwan ɗiga kawai yake yi, kumfar ta yi duhu, ɗaci ya yi yawa.

Tukunyar moka da Alfonso Bialetti ya fitar a 1933 matsinta bai wuce ninki 2 ba, kofinta da ƙarfi amma ba kumfa mai ɗorewa. Kofin da ake tacewa da takarda kuwa ba kumfa sam, sai dai takardar na tare yawancin kafestol, sinadarin mai da ke ƙara kolestarol a jini.

Yawan kumfa alama ce ta sabon gashi da isasshen matsi, ba shaidar daɗi ba ce. Ita kanta kumfar ɗaci gare ta, shi ya sa masu ɗanɗanon kofi kan juya ta da cokali kafin su kurɓa.