Yadda 'yan mishan suka yi aiki a Lardin Bauchi

A zamanin mulkin mallaka, Turawa sun taƙaita wa'azin 'yan mishan a biranen sarakunan Musulmi, har da birnin Bauchi. Shi ya sa 'yan mishan suka nufi ƙasashen duwatsu. A 1917 mishan ɗin SIM ya buɗe tasha a Kaltungo, ƙasar Tangale, wadda a lokacin take cikin Lardin Bauchi. Wani mishan ɗin kuma, SUM, ya yi aiki a cikin Sayawa.

Rayuwa a tashar mishan ba ta hutu ba ce. Da sassafe ana addu'a, sai a buɗe ɗakin magani: wanke gyambo, ba da kwinin, karɓar haihuwa. Da yamma yara da manya su zauna gindin bishiya suna koyon boko. Mafi wuya shi ne koyon yaren mutane, a ƙirƙira masa rubutu. Amma a gaskiya, masu bishara 'yan ƙasa ne suka fi taka ƙafa zuwa ƙauyuka.

Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Hausa ta ƙara kafuwa a coci. Daga SIM aka samu cocin ECWA a 1954, daga SUM kuma cocin COCIN, duka suna da majami'u a Bauchi yau.