Yadda Maharban Amurka Ke Ɓoye Bukkar Kwanto

Jama'a, a wannan wata za mu leƙa ƙasar Amurka, mu ga yadda maharbansu ke farautar barewa. Akwai abin koyi a ciki, musamman ga masu shiga daji da bindiga.

Barewar da aka fi farauta a can ita ce mai farin wutsiya. Ta bambanta da tamu. Ƙahon namijin yana yin rassa kamar itace, kuma yakan zube kowace shekara, wani ya tsiro. Wajen shekarar 1900, yawan farauta da saran daji sun kusa ƙarar da ita, har ta koma kamar dubu 500 kawai. Sai hukuma ta tashi tsaye. Aka sa lokacin farauta, aka ce sai da lasin. A 1937 aka yi dokar da ta ware harajin bindiga da harsashi domin kula da namun daji. Yau yawan wannan barewa ya kai kamar miliyan 30.

Dajin Kowa Da Kowa

Gwamnatin tarayyar Amurka tana riƙe da fili kamar eka miliyan 640. Jihohi ma suna da nasu dazuzzuka. A da yawa daga cikinsu, duk mai lasin yana iya shiga ya yi farauta idan lokaci ya yi. Talakan da ba shi da gona ko daji nasa, nan yake zuwa. Saboda haka maharba kan yi yawa a daji ɗaya, kuma ba su san juna ba.

Maimakon bin sawu, da yawansu kwanto suke yi. Maharbi zai kafa 'yar bukka a ƙasa, kusa da hanyar da barewa ke bi zuwa kiwo ko shan ruwa. Wata bukkar ta tanti ce mai ƙananan tagogi, ana saye a kanti. Wata kuma da rassa da ciyawa ake haɗa ta. Sai ya shiga ya zauna shiru, yana jira.

Abin Da Barewa Ke Gani

Kafin ka ɓuya wa dabba, sai ka san yadda take gane mutum. Idanun barewa suna gefen kanta, don haka tana ganin kusan ko'ina ba tare da ta juya ba. Motsi kaɗan ya isa ta zabura. Hancinta kuma ya fi na mutum ƙarfi nesa ba kusa ba.

Amma tana da rauni ɗaya. A shekarun 1990 masana sun yi bincike a Jami'ar Jojiya. Sun gano cewa barewa tana ganin shuɗi sosai, amma ba ta rarrabe ja da ruwan goro kamar yadda muke yi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yadda Ake Ɓoye Bukkar

Na farko, zaɓen wuri. Barewa ta san dajinta kamar yadda manomi ya san gonarsa. In ta ga sabon abu tsaye a fili, ba za ta matso ba. Don haka ba a kafa bukka a sarari ko a kan tudu. Ana jingina ta da duhuwa, ko gindin babban itace, ko itacen da ya faɗi, inda akwai inuwa.

Na biyu, iska. Maharbi yakan tsaya ya ji inda iska ke kaɗawa. Dole ta taso daga wajen barewa zuwa wajensa. In ta kwashi warinsa ta kai mata, duk wahalarsa ta tashi a banza.

Na uku, lulluɓi. Bukkar kanti tana da kusurwa da miƙaƙƙen rufi, abin da babu irinsa a daji. Sai a samo busassun rassa da ƙirare da ciyawa a jera a jikinta da samanta, har siffarta ta ɓace. Da kayan wurin ake amfani. Ɗanyen ganye a tsakiyar busasshiyar ciyawa tona asiri yake yi.

Na huɗu, duhun ciki. Ana rufe tagogin baya, a buɗe na gaba kaɗan. In haske ya ratsa daga baya, barewa za ta hangi inuwar mutum tana motsi. Shi ya sa cikin bukkar baƙi ne, maharbin ma yakan rufe fuska da hannu da baƙin ƙyalle. Ba ya sa shuɗin tufa.

Na biyar, haƙuri. Yakan share busasshen ganye daga inda zai sa ƙafa, don kada ya yi ƙara. Yana iya zama tun asuba har hantsi bai ga komai ba. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Dokokin Dajin Hukuma

Tun da dajin na kowa ne, ba a yin yadda aka ga dama. A wurare da yawa an hana sare ɗanyen itace don yin bukka, sai dai a tsinci wanda ya bushe ya faɗi. Wasu wurare sun ce in mutum zai bar bukkarsa, ya rubuta sunansa a jikinta. Wasu kuma sun ce ya kwashe ta in ya tashi. Kafa bukka ba ya mayar da wurin ya zama naka.

Ga babbar magana. Bukkar da ta ɓace wa barewa, ta ɓace wa sauran maharba ma. Wani yana iya harbi ta wannan sashe, bai san da mutum a ciki ba. Harsashi kuwa ba ya tambaya.

Nan ne raunin idon barewa ya yi amfani. Yawancin jihohin Amurka sun wajabta wa mai farautar barewa da bindiga ya sa riga ko hula mai launin ruwan goro mai haske. Mutum yana hango ta daga nesa, barewa kuwa ba ta damu da ita ba. Jihar Wiskonsin, inda ake babbar farautar kwana 9 a watan Nuwamba, ta ƙara da cewa bukkar da ke dajin jiha ma sai an sa mata irin wannan ƙyalle mai haske. Girmansa ya kai ƙafa ɗaya a tsawo, ƙafa ɗaya a faɗi, kuma a gan shi ta kowane ɓangare.

Darasi Gare Mu

Dabarar ɓuya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni maharbinmu yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya duƙa yana tafiya kamar tsuntsun, har ya kusanci nama. Wanda ya iya wannan ba a koya masa ɓuya. Abin da za mu ɗauka shi ne ɗaya rabin: ka ɓuya wa dabba, amma kada ka ɓuya wa ɗan'uwanka.

In za ka yi kwanto, ka sanar da Sarkin Baka ko abokan farauta inda za ka zauna. Kada ka harbi motsin ciyawa, sai ka ga dabbar da idonka, ka kuma san abin da ke bayanta. Ka nemi izini, ka nisanci gandun dajin da aka hana farauta. Ka ƙyale mai ciki da mai shayarwa, domin jikokinmu su ma su san barewa.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maharbin unguwarsu. Allah ya kiyaye mu, amin.