Tallafin Karatu a Waje: Ina Rabon Magariya da Dungas?

A ƙidayar shekarar 2012, gundumomin Magariya da Dungas sun haɗa mutane fiye da dubu 900, akasarinsu yara da matasa. Yanki ne mai cunkoson jama'a a kudancin jihar Damagaram, ya jingina da jihohin Jigawa da Katsina na Najeriya. Fita neman ilimi ba baƙon abu ba ne a nan, domin tun kaka da kakanni almajirai ke bin malamansu zuwa Kano da Haɗeja da ƙasar Barno. Abin da ya yi ƙaranci shi ne fita da kuɗin tallafi na hukuma, wanda ake ba ɗalibai da malamai da masu koyon sana'a don su je wata ƙasa su ƙaro sani su dawo. A ganina, kuɗin nan akwai shi. Hanyar kai wa gare shi ce aka shimfiɗa nesa da ɗan karkara.

Shirin Erasmus+ na Tarayyar Turai, wanda ya samo asali a 1987, an ware masa yuro sama da biliyan 26 daga 2021 zuwa 2027, kuma wani kaso nasa na ƙasashen waje ne, har da na Afirka. Amurka ta buɗe shirin Mandela Washington na matasan Afirka a 2014. Turkiyya da Maroko da Aljeriya da Masar da Sin suna ba ƴan Nijar gurabe, kuma hukumar ANAB ce ke kula da kuɗin tallafin ɗalibai na gwamnati. Sai dai kowace ƙofa da sharaɗinta. A ɓangaren musayar ɗalibai na Erasmus+, sai jami'ar ɗalibi ta ƙulla yarjejeniya da wata ta Turai kafin a zaɓe shi. Wasu shirye-shiryen suna neman Ingilishi, alhali yaron garuruwan yankin irin su Waca ko Malawa da Faransanci ya yi karatu. Kafin a kai ga wannan ma, sai an sami takardar haihuwa da fasfo da intanet mai ƙarfi da kuɗin mota zuwa Yamai, inda ofisoshin jakadanci suke, tafiyar kusan kilomita dubu. Mai tallafi yana biyan jirgi da masauki, amma ba ya biyan wannan matakin farko, kuma a nan ne ɗan manomi ke sarewa.

Akwai kuma darasin siyasa. Matasan Amurka ƴan sa-kai na Peace Corps sun yi aiki a Nijar tun 1962, aka kwashe su a Janairun 2011 saboda tsaro. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Faransa ta dakatar da ba ɗaliban Nijar biza, iyaka da Najeriya ta rufe wata da watanni, sannan Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, a Janairun 2025. Duk tallafin da ya dogara ga ƙasa ɗaya mai nisa, rana ɗaya yake tsayawa. Shi ya sa ya kamata a fi karkata ga musayar kusa. Daga Magariya, Kano ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba. Malamin Ingilishi daga Dungas zai iya yin wata uku a kwalejin horar da malamai a Gumel, takwaransa na can ya zo ya goge Faransancinsa a Jami'ar André Salifou ta Damagaram. Hausa ta haɗa su, kuɗin da zai kai mutum ɗaya Turai zai ɗauki nauyin mutane da dama, kuma iyaye za su fi sakin jiki su bar ƴaƴansu mata su je. Hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971, tana nan da zama a Yamai, irin wannan aikin kuwa nata ne.

Wani zai ce yankin da yara ke karatu a rumfunan zana ba shi da hurumin zancen karatun waje. Maganar tana da nauyi, amma ginin aji ba ya koyarwa, malami ne ke yi, kuma malamin da ya ƙaro sani ɗaruruwan yara ne za su ci moriyarsa. Wani kuma zai ce wanda ya fita ba ya dawowa. Wannan ya fi faruwa ga mai dogon karatu a ƙasa mai nisa. Gajeren horo, da sharaɗin komawa bakin aiki na wasu shekaru, yana toshe wannan kafa.

Saboda haka aikin farko na ƙananan hukumomi ne da attajiran yankin da ƴaƴansa mazauna waje: su buɗe ƙaramin asusu na biyan takardu da kuɗin mota, su ajiye mutum ɗaya a Magariya da ɗaya a Dungas mai bin sanarwar gurabe, yana shelanta ta da Hausa a rediyon karkara kafin wa'adi ya cika. Masu ba da tallafi kuma a riƙa tambayarsu mutum nawa suka ɗauka daga wajen manyan birane.