Ƙuduji da Sirrin Saiwar Dawa

Duk manomin dawa ya san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Kafin furensa ya leƙo a gona, ya riga ya gama ɓarna a ƙarƙashin ƙasa: dawa ta tsumbure, ganye ya ƙanjame, zangarniya ta fito ba ƙwaya. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, kuma yakan kwanta cikin ƙasa fiye da shekara 10 bai tsiro ba. To me ke tayar da shi?

Dawar ce da kanta. Saiwarta na fitar da wani sinadari mai suna sitirigolakton. A jikin shuka, shi ke tsara yawan rassa da 'ya'yan da za ta yi, kamar yadda masana suka tabbatar a 2008. A cikin ƙasa kuma, da shi take gayyato wasu ƙananan halittu dangin naman kaza, su taya ta tsotso sinadarin fosfaras. Idan gona ta gaji, sai shukar ta ƙara fitar da shi. Ƙuduji na jin wannan kira sai ya tsiro, ya maƙale wa saiwar. Ashe da manoma ke cewa ƙuduji cutar gajiyayyiyar gona ce, gaskiya suka faɗa.

Akwai wata dawa, SRN39, da aka daɗe da lura cewa ƙuduji bai cika damun ta ba. A 2017 masana a Jami'ar Purdue ta Amurka, cikinsu har da Farfesa Gebisa Ejeta, haifaffen Habasha, suka bayyana dalili. Ƙwayar gado guda ce, LGS1, ta samu tawaya. Dawar ba ta daina fitar da sinadarin ba, nau'insa ne ya sauya zuwa orobankol, wanda ba ya tayar da irin ƙuduji sosai. Mafi yawan irin sai ya ci gaba da barcinsa, dawa ta samu sararin kafa saiwa tun tana ƙarama, lokacin da ta fi rauni.

Wannan sauyi ba a ɗakin gwaji aka ƙera shi ba. A cikin dawar aka tarar da shi, kuma ta hanyar barbara ake kai shi ga wasu iri.

Sai dai irin dawa mai juriya kaɗai ba zai kori ƙuduji ba. Dole a haɗa da taki, da sauya shuka da wake ko gyaɗa, da tuge ƙuduji kafin ya zubar da iri. Muna kira ga cibiyoyin bincike irin na Samaru da malaman gona da su matsa ƙaimi, irin dawa mai jure ƙuduji ya isa hannun ƙaramin manomi kafin saukar damina.