Gyaran Ƙafafun Mota Bayan An Ɗaga Ta

Mukan ga mai Land Rover ya sa dogayen sifirin, motar ta ɗagu inci 2 don shiga daji. To, da sauran aiki. Sandar nan ta gicciye, wadda ta haɗa aksil da jikin mota, takan janye aksil gefe guda. Aksil na gaba kuma yakan ɗan juya, har sitiyari ya daina komowa tsakiya da kansa, mota ta riƙa kauce wa hanya. Saboda haka lalle mu sa sanda mai ƙarin tsawo, mu auna dama da hagun su daidaita, mu sāke hannuwan da ke riƙe da aksil, sa'an nan mu duba tiyon birki kada ya tsinke. Rayukan mutane muke ɗauke da su.